Gangar Haltit ta Shida

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman Dubai waɗanda tuni na manta, har da sunayen wasu da muka ci abinci kwano ɗaya. Amma abin da ya haɗa ni da wani tsoho ɗan Afghanistan da gangunansa shida na haltit, wannan kam ko haƙorana sun zube ba zai fita daga raina ba. Har yau in na tuna dariya ce ke fara zuwa, sannan kunya ta biyo baya.

Ni mutumin Kura ne, a gidan masu noman rani na tashi. Tun ban kai tsawon ƙotar fartanya ba nake bin mahaifina lambu muna kora ruwa cikin tumatir da albasa. Da na yi karatu ma ban-ruwa na karanta, kuma shi ne ya kai ni Dubai. Wani kamfani a unguwar Ras Al Khor mai sayar da injinan ruwa da tiyo ya ɗauke ni, aikina in je gonakin mutane in shimfiɗa musu siririn tiyon nan mai ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da nake a lokacin. A ganina duk wata cutar shuka ruwa ne maganinta, kuma in dai zancen shuka ake yi, to kowa ya yi shiru in yi bayani.

Wajen ƙarshen 2019 aka tura ni Hatta, can cikin duwatsu kusa da iyakar Oman, in yi aiki a wata gonar dabino. Mai kula da gonar shi ne tsohon da nake magana, dogo, farin gemu, ya fi shekara ashirin a wurin. Larabcinsa na kasuwa ne, nawa ma haka, sai muka fahimci juna sarai. Ina kiran sa Baba, shi kuma yana ce mini Muhandis, wato injiniya. Ranar da na fara zuwa cikina a kumbure yake kamar an hura, don abokin zamana a flat, wato gidan hayarmu, wani ɗan Kumasi mai aikin gadi a wani babban kanti, ya dafa mana wake da shinkafa irin nasu na Zango, na ci har na wuce misali. Baba ya ga ina ta dafe ciki ina yamutsa fuska. Sai ya shiga ɗakinsa ya fito da ruwan ɗumi a kofin shayi ya ce in shanye.

Ina kai shi hanci na ja da baya. Wari ne irin na ruɓaɓɓiyar albasa da tafarnuwa an haɗa, har da wani abu na uku da ban san sunansa ba. Na ce, "Baba, me na yi maka?" Ya yi dariya ya ce, "Yalla, maza, Muhandis, toshe hanci ka sha." Na sha don kada in kunyata shi. Wallahi kafin in gama haɗa layin tiyo na farko cikina ya saki, na ji ni sakayau. Ya ce sunansa haltit, Indiyawa na ce masa hing suna sa ɗan kaɗan a miyar wake, kuma ƙaro ne da ake samu daga saiwar wata shuka ta duwatsun ƙasarsu. Da zan tafi ya ƙulle mini wani ɗan gutsure a takarda, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba.

Na kawo shi flat ɗinmu na unguwar Al Nahda, na jefa cikin kabad ɗin kicin na manta. Washegari Juma'a ce, kowa yana gida. Da hantsi sai na ji ɗan Kumasi yana buga ƙofofi yana ihu da kalmar nan tasu ta kiran aboki, "Chale, ku fito, gas na yoyo!" Mu shida ne a flat ɗin, kowa ya fito da abin da ya fi so a duniya, wani da fasfo, wani da kwamfuta, wani da tawul kaɗai. Aka kashe gas, wari bai tafi ba. Aka ce to ɓera ne ya mutu, aka janye firij, aka kwance ƙasan wurin wanke-wanke. Ni ma ina cikin masu nema, har ina ba da shawara. Sai da ɗan Kumasi ya buɗe kabad ya ɗago takardar nan da yatsu biyu ya ce, "Wane maƙiyin Allah ne ya ajiye wannan?" Na yi tsuru-tsuru. Tun daga ranar ya sa mini suna Injiniyan Wari, kuma sai da na saka abin cikin kwalba, kwalbar cikin wata kwalba, kafin su yarda ya kwana a gidan.

Da na ba Baba labari ya yi dariya har da hawaye. Ina jin wannan dariyar ce ta sa ya yarda da ni, don a ranar ya ja hannuna zuwa bayan ɗakinsa, inda ba ya kai kowa. Ganguna shida ne na roba a jere jikin bango, an yanke musu kai, an cika su da ƙasa mai tsakuwa. Cikin kowace akwai shuka mai ganye kore shar, a yayyanke kamar na karas amma ya fi faɗi. Ya ce, "Ga 'ya'yana."

Ya ba ni labarinsu muna zaune a kan buhunan taki. Mahaifinsa a kan wani tsauni yake tsagar haltit, shi kuma yana yaro yana riƙe masa kwano. Tsaunin ya fita hannunsu tuntuni, mahaifin ya rasu, abin da ya rage kawai ɗan irin da aka samu ƙulle a tsumma cikin akwatinsa. Baba ya kawo irin nan Hatta a 2016. Ya ce irin haltit ba ya tsirowa sai ya sha sanyi, don haka ya zuba shi cikin jiƙaƙƙen yashi ya ajiye a firij sama da wata guda, yana gardama da ma'aikata masu neman wurin sa ruwan sha. Cikin irin duka, shida ne suka fito. Shekara huɗu zuwa biyar shukar ke yi kafin saiwarta ta isa tsaga, su kuma sun cika uku. Shirinsa shi ne ya tsaga huɗu ya ɗebi ƙaro da hannunsa, ko sau ɗaya a rayuwarsa, kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi, ya bar biyu su yi fure su ba da iri. Ya ce wadda aka tsaga ba ta fure, wadda ta yi fure kuma ba ta da sauran ƙaro, daga furen sai mutuwa.

Ƙarshen watan Fabrairu na 2020 ya samu hutun wata ɗaya zai je ɗaurin auren autarsa. Ya ce bai yarda da ma'aikatan gonar ba, ni zai bar wa amana tunda duk mako ina zuwa. Ya nuna mini wani tsohon gwangwanin madara ya ce, "Wannan ɗaya, kowace ganga, sau ɗaya a mako. In na yi jinkiri zafi ya shigo, za ka ga ganyen ya yi rawaya ya bushe ƙurmus. Kada ka tsorata, barci suke yi. Daga ranar khalas, shi ke nan, ka ja su cikin inuwa, ko ɗigo ɗaya kada ka ba su sai sanyi ya dawo." Ya maimaita sau uku, har ya riƙe kunnensa yana nuna mini. Na ce, "Baba, ni fa a cikin ruwa aka haife ni, je ka sha biki." Abin da ya faɗa na ji shi tsaf, ba zan yi ƙarya in ce Larabci ne ya ruɗe ni ba.

Bai yi wata da tafiya ba korona ta rufe duniya, jirage suka tsaya, Baba ya maƙale a gida. Mu masu aikin gona an bar mu muna fita, don haka na ci gaba da zuwa Hatta da gwangwanina. Zafi na shigowa ganyen ya fara rawaya kamar yadda ya ce. Cikin mako biyu duk shida suka bushe, ka taɓa su ruguje a hannu. Na ja su ƙarƙashin rumfa, na tsaya ina kallon su, zuciyata ta ƙi kwanciya. A Kura in ka bar shuka ta yi haka kana tsaye da ruwa a hannu, mahaifinka ba zai ma yi maka magana ba, ƙeyarka ce za ta ji. Sai na fara yi wa kaina wa'azi. Na ce Baba yana maganar tsaunukansu ne masu sanyi, nan kuwa Hatta ce, inda sitiyarin mota ke ƙona hannu. Wace saiwa ce za ta yi wata biyar a wannan wuta babu ruwa? Ban tsaya na tuna cewa tsohon nan ya riga ya ratsa zafi uku da su a wannan wurin ba. Ko saƙo ɗaya ban tura na tambaye shi ba, don a raina ni ne injiniya.

Na ɗauko tiyo mai kyau daga mota, na ja layi bisa gangunan shida, na sa wa kowace bakin ɗigo, na haɗa da agogon da ke buɗe ruwa da kansa safe da yamma. Har taki na barbaɗa musu, kyauta daga gare ni. Na koma baya na kalli aikin, na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ɗauki hoto na nuna wa ɗan Kumasi. Ya duba ya ce, "Injiniya, ba ka ce tsohon ya ce kar a ba su ruwa ba?" Na ce masa ya tsaya a gadinsa, kowa da fanninsa.

Wata biyu ruwa na ɗiga, ko ganye ɗaya bai fito ba. Wata rana cikin Yuli ina isa rumfar wani wari ya tare ni, ba irin na haltit mai magani ba, warin ruɓa sak. Na tura yatsa cikin ganga ta farko, ya nutse cikin wani abu lugub kamar dafaffen rogo da ya kwana uku. Ta biyu haka, ta uku haka, har ta biyar. Saiwoyin da suka yi shekara uku da rabi suna girma sun narke. Ta shida kuwa ƙasarta a bushe take ƙamas, ashe gishirin ruwa ya toshe bakin ɗigonta tun farko ban lura ba. Na ce shi ke nan, biyar na kashe da ruwa, ɗaya da ƙishirwa. Na zauna a ƙasa cikin zafin nan, na rasa inda zan sa kaina.

Abin da na yi bayan wannan ya fi kisan muni. Baba yakan turo saƙon murya duk Juma'a, ya gaishe ni, ya ba ni labarin amarya da tsadar gari, sannan ya rufe da, "'Ya'yana suna barci?" Ni kuma in danna in ce, "Suna barci, Baba, lafiya lau." Juma'a huɗu ina wannan. Abinci ya daina yi mini daɗi. Har na fara tunanin in sayo irin karas in shuka a gangunan, ko kafin ya gane na samu canjin wurin aiki. Daga baya na yanke shawarar in zubar da gangunan duka in ce awakin maƙwabta ne suka yi ɓarna.

Na roƙi ɗan Kumasi ya raka ni ranar hutunsa don gangunan da nauyi. Tun daga Al Nahda har Hatta yana yi mini tsiya, wai a tarihi ba a taɓa jin wanda ya nutsar da shuka a cikin hamada ba sai ni. Muka kifar da biyar ɗin a bayan gona yana toshe hanci yana salati. Da muka zo kan ta shida na kama gefe ɗaya, sai ya ƙi kamawa. Ya goge hannunsa a wando ya daina dariya. Ya ce, "Waɗancan sun ruɓe, na gani da idona. Wannan ban ga komai ba. Kuma ba taka ba ce. Ka kira mai ita ka faɗa masa gaskiya, in ya ce a zubar, na ɗauka ni kaɗai." Na ce me zan ce masa? Ya ce, "Ka faɗa masa abin da ka yi. Awaki ba su san haɗa agogo ba, chale."

A nan ƙarƙashin rumfar na kira Baba. Na faɗa masa komai, tiyon, agogon, takin, har ƙaryar Juma'a huɗu. Na duba wayar ko ta katse. Ina jin kukan kaji a gidansu. Can ya ce, "Biyar?" Na ce biyar. Ya ja numfashi ya ce, "Inna lillahi." Sai ya ce, "Ta shidan fa?" Na ce ita ko ɗigo ba ta samu ba, bakin ya toshe, laifina ne ban duba ba, ya yafe mini. Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce. Ya ce, "Allah ya yi wa toshewar nan albarka, ta fi ka jin magana. Muhandis, ka saurare ni da kyau. Ka cire tiyonka, ka sa hannuwanka biyu cikin aljihu, ka bar 'yata ta yi barcinta."

Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan rashin aikin ba. Wata huɗu ina zuwa duk mako in tsaya kan busasshiyar ganga, hannuna na ƙaiƙayi. Ɗan Kumasi har cewa ya yi zai ɗaure mini su da igiyar shanya. Da sanyi ya fara shigowa Baba ya ce in ba ta gwangwani ɗaya. Na ba ta ɗaya, na auna shi kamar maganin jariri. Mako na uku ina leƙawa sai ga wani ɗan kore ya tsaga ƙasa, a naɗe, bai kai ɗan yatsa ba. Na yi kabbara da ƙarfi har ma'aikatan gonar suka rugo sun ɗauka maciji ne. Na tura wa Baba hoto, ya maido da saƙon murya na minti biyu wanda babu kalma ko ɗaya da na gane a ciki, da yarensu yake ta yi wa shukar magana.

Ya dawo farkon 2021, ya rame kaɗan amma dariyarsa na nan. Na zo da dogon jawabin ban-haƙuri da na shirya a mota, bai bar ni na kai rabi ba ya miƙo mini shayi. Ya tsuguna gaban gangar ya daɗe yana shafa ganyen. Ta yi girma sosai a wannan shekarar, kan saiwarta ya kai kaurin damtse, ya ce ta isa. Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ƙotarta ta sha hannu har tana sheƙi. Ta mahaifinsa ce. Ya nuna mini yadda ake yi: a share ƙasa daga kan saiwar, a yanke saman, a rufe da duwatsu don rana, farin ruwa kamar madara ya tsatso ya daskare, bayan kwanaki a kankare a sake yanka. Yana bayani hannunsa na yin aikin a iska.

Sai ya naɗe wuƙar cikin tsummanta ya mayar aljihu. Na ce, "Baba, ba za ka tsaga ba?" Ya ce, "Ɗaya ce. In na tsaga na samu cikin tafin hannu, na ji daɗi mako biyu, irin mahaifina ya ƙare a kaina. Gara ta yi fure." A nan ne na gane ainihin abin da na yi masa. Shekararsa ta ƙarshe ce a gonar, ƙarshen shekara zai koma gida gaba ɗaya, kuma ba shi da wasu shekaru biyar da zai zauna jira a Hatta. Abu ɗaya da ya roƙa wa kansa, ni na zubar da shi a bayan gona. Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba. Ya buga kafaɗata ya ce, "Haba Muhandis, kai komai sai ka sa masa ruwa?"

Ta yi fure kuwa. Kara ya fito daga tsakiya ya miƙe har ya kusa kai ni tsawo, kansa ya buɗe da furanni rawaya, ƙudan zuma suka yi ta zarya. Na kawo ɗan Kumasi ya gani, ya zagaya ta sau biyu ya ce a sa mata sunansa tunda shi ya ceci ranta. Da irin ya bushe Baba ya karkaɗe shi a kan farin rawaninsa, ya raba biyu daidai. Rabi ya ƙulle zai kai gida. Rabin kuma ya zuba cikin tsumman nan, ya ɗora wuƙar mahaifinsa a kai, ya miƙo mini. Na ce ni da na kashe biyar? Ya ce, "Shi ya sa. Duk Dubai babu wanda ya san abin da ke kashe ta kamar kai. In ta isa, ka tsaga, ka turo mini hoton hannunka."

Irin ya yi kwanakinsa a firij ɗinmu na Al Nahda cikin jiƙaƙƙen yashi, ɗan Kumasi ya rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe ya liƙa a jikin robar da muka zuba shi don kada wani ya zubar. Huɗu suka tsiro. Mai gonar ya bar mini wurin gangunan, suna nan bayan ɗakin Baba, kuma duk lokacin zafi sai su bushe ƙurmus in tsaya a kansu hannuna cikin aljihu.

Abin da na koya bai tsaya a kan shuka ba. Da ƙauna na kashe gangunan nan biyar, ƙauna irin wadda na iya, ba irin wadda suke buƙata ba. Yanzu in mutum ya ba ni amanar abinsa ya ce ga yadda ake yi masa, yadda ya ce nake yi, in kuma na ga kamar na fi shi sani, sai in ɗaga waya in tambaya kafin in taɓa. In na yi ɓarna kuma, a ranar nake faɗa, don da na bi ƙaryata har ƙarshe da ta shidan ma tana bayan gona tare da 'yan'uwanta. Baba har yanzu yana turo saƙo ran Juma'a yana tambaya ko jikokinsa suna barci, ni kuma sai na je na duba da idona kafin in ba shi amsa.